Kulob na Mai Kuɗi ne ko na Mai Ƙauna?

A Tsibiri, kamar a Maraɗi da Jiratawa, wasan ƙwallo ba ya ƙarewa da busar alƙali. In an watse daga gidan kallo, samari sukan koma fada, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, a buɗe sabon wasa na fatar baki. Shekarun baya gardamar ba ta wuce wane ya fi wane iya yanka, ko alƙali ya yi son kai ba. Yanzu kuwa, kafin a sauke shayi na biyu, magana ta bar 'yan wasa ta koma kan masu kulob da aljihunsu. Ɗan kabu-kabun da ke goyon bayan Manchester United zai ce maka, "Mutanen nan ba ƙwallo ta kawo su ba, tatsa suka zo yi." Na kusa da shi, mai goyon Manchester City, ya amsa, "Abokina, kuɗinai ne. In ya ga dama ya zuba su rijiya, mi naka ciki?" Wani mai rigar Barcelona ya ɗaga murya, "Mu dai ba mu da ubangida, kulob namu ne."

Na daɗe ina sauraron wannan gardama, kuma ban taɓa ɗaukar ta ɓata lokaci ba. Akwai tambaya ta gaske a ƙarƙashinta: idan mutum ɗaya ya sa kuɗi, dubban mutane suka sa zuciya, wa ke da abin? Wa ke da ikon tuhumar wani? Abin da ke damuna shi ne duk wannan basira muna ƙarar da ita ne a kan ƙungiyoyin da ke bayan teku. Matashin da ya san yawan bashin da ake bin Manchester United, in ka tambaye shi wa ke biyan kuɗin motar da ke kai 'yan wasan ƙungiyoyin Maraɗi, Ɗan Kasawa ko Jangorzo, zuwa Yamai, sai ya yi shiru. Alhali tambayar guda ce, a Ingila da a bakin Gulbin Maraɗi.

Masu cewa a bar mai kuɗi ya yi aikinsa

Hujjar mutanen nan kofuna ce, kuma kofi ba a musun sa. Chelsea ta yi shekara hamsin ba ta ci gasar Ingila ba tun daga 1955. Attajirin Rasha Roman Abramovich ya saye ta a 2003, a 2005 ta ɗauki kofin, daga baya ta ci kofin zakarun Turai a 2012 da 2021. Manchester City ta shiga hannun Sheikh Mansour na Abu Dhabi a 2008, bayan shekara huɗu ta ci gasar da rabonta da ita tun 1968. Ƙatar ta karɓi Paris Saint-Germain a 2011, ta biya yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, ta kai ga kofin Turai a 2025. A Afirka ma haka ne. Moïse Katumbi ya ɗaga TP Mazembe ta Lubumbashi har ta ci kofin zakarun Afirka a 2009 da 2010 da 2015, kuma ita ce ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta duniya a 2010. Shi ya sa duk lokacin da Aliko Ɗangote ya ambaci sha'awarsa ta sayen Arsenal, magoya bayanta na ƙasar Hausa kan yi ta murna kamar an riga an ƙulla ciniki.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Ukraine, gwamnatin Birtaniya ta ƙwace wa Abramovich ikon taɓa dukiyarsa. Cikin kwana ɗaya Chelsea ta wayi gari an hana ta sayar da sababbin tikiti, an rufe shagonta na riguna, an hana ta sayen ɗan wasa. A nan ne mutane da yawa suka fara jin cewa kuɗin da ya yi shekaru yana zubawa rance ne a rubuce, wajen fam biliyan ɗaya da rabi. Ya yafe, aka sayar da ƙungiyar a watan Mayu kan fam biliyan biyu da rabi, ta tsira. Da ya ce sai an biya shi fa?

Bordeaux ba ta samu irin wannan sa'a ba. Ƙungiya ce da ta ci gasar Faransa sau shida, na ƙarshe a 2009. Zidane ya taka leda a cikinta, ɗan ƙasarmu Moussa Maazou ma ya sa rigarta. Ta yi ta sauya hannu daga mai kuɗi zuwa mai kuɗi, bashi na taruwa, har a 2024 ta ajiye matsayinta na ƙwararru, aka jefa ta rukuni na huɗu, aka rufe makarantarta ta renon yara. Masu kuɗin baya sun kama gabansu. Waɗanda aka bari da baƙin ciki su ne mutanen garin.

Masu cewa tatsa aka zo yi

Ra'ayi na biyu a Manchester ya fi ƙarfi. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi United kan wajen fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin ranto su suka yi, sannan suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar, wadda kafin zuwansu ba wanda ke bin ta. Ɗan kasuwar Maraɗi ba zai ga abin mamaki a nan ba. Ana sayen tirela bashi, a sa ta hanyar Kwatano ko ta Kano, ta biya kanta. Amma tirela ba ta da masoya. A United, kuɗin da uba ya biya don ya kai ɗansa kallo, da kuɗin rigar da aka saya a ko'ina cikin duniya, wani kaso nasu ya riƙa tafiya wajen biyan kuɗin ruwa da rabon riba, rufin filin Old Trafford kuma yana yoyo.

Magoya bayan ba su tsaya ga gunaguni ba. Wasu sun fice a 2005 suka kafa tasu, FC United of Manchester, wadda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya. A 2010 dubbai suka ajiye jan gyale suka ɗaura kore da rawaya, launin ƙungiyar na asali, don su nuna cewa ta girmi masu ita. Ranar 2 ga Mayu 2021 suka kutsa cikin fili har aka ɗage wasa da Liverpool. Makonni biyu kafin nan, ranar 18 ga Afrilu, masu manyan ƙungiyoyi goma sha biyu sun sanar da wata gasa tasu ta kansu, wadda su masu kafa ta ba sa faɗuwa daga cikinta komai lalacewar wasansu. Mutane suka fito kan titi, cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Matsin bai tsaya nan ba, don a 2025 majalisar Birtaniya ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa bincikar masu kulob da littattafan kuɗinsu.

Darasin da ke nan shi ne mai goyon baya ba ɗan kallo ba ne kawai. Shi ne kasuwar. Kamfanin talabijin ba ya biyan biliyoyi don kujeru marasa mutane. Har dala ashirin ko arba'in da yaron Tsibiri ke biya a ƙofar gidan kallo tana cikin lissafin, don da ita mai gidan ke sabunta katinsa na Canal+, daga can kuma kuɗin ke gangarawa zuwa gasannin Turai.

Masu cewa kulob na mambobi ne

Ra'ayi na uku shi ya fi daɗin ji. Barcelona da Real Madrid ba su da mai su. Mambobi masu kati ne ke zaɓen shugaba. Haka Al Ahly ta Masar, wadda ta fi kowace ƙungiya cin kofin zakarun Afirka. A Jamus akwai ƙa'idar da ake kira 50+1, wadda ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna hannun mambobi komai yawan kuɗin da mai jari ya kawo. A farkon 2024, da shugabannin gasar Jamus suka so sayar wa wani kamfanin jari kaso na kuɗin talabijin, magoya baya suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili suna tsayar da wasanni, har aka fasa cinikin.

Amma ƙuri'a kaɗai ba ta tsare asusu. Shugabannin da mambobi suka zaɓa ne suka kai Barcelona ga bashin yuro biliyan 1.35, kamar yadda Joan Laporta ya bayyana a watan Agustan 2021, watan da Messi ya tafi yana hawaye saboda ba halin sabunta kwantiraginsa. A shekarar da ta biyo ƙungiyar ta sayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin ɗinta na gasar Sifen har na shekara 25. Manomi ya san wannan ciniki: sayar da gero tun yana tsaye a gona don a ci yau. Mambobin sun yi ta tafi lokacin da ake sayo 'yan wasa masu tsada, kaɗan ne suka tambayi inda kuɗin ke fitowa. Ashe mallaka ba ta wadatarwa in mai abu bai duba littafi ba.

Mu dawo gida

Sunayen ƙungiyoyin Maraɗi kaɗai sun isa su nuna na wa ne. Ɗan Kasawa sunan sarkin da ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi ne bayan jihadi. Jangorzo kuwa tana tuna Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir na Alƙalawa, wanda zuriyar gidansu ta kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye ba sunan kamfani ko na wani alhaji suka zaɓa ba. Sunan gari da tarihinsa suka ɗora wa rigar.

Jangorzo ta ci gasar Nijar a 1983. Shekarar da ta biyo Espoir ta Damagaram ta ɗauka. Tun daga nan kofin ya koma Yamai ya zauna. Dattawan da suka ga wancan zamani, in yaro ya ce musu, "Baba, wai da gaske mun taɓa cin kofin ƙasa?" sukan amsa da murmushin da ke da ciwo a ciki.

A cikin Yamai ɗin ma abin ya sauya hannu. Dā ƙungiyoyin unguwa irin su Sahel da Olympic da Zumunta ke rabon kofi. Daga 2013 zuwa 2024 kuwa, duk wadda ta ɗauka ta wata hukuma ce ko kamfanin gwamnati: AS Douanes ta 'yan duwan a 2013 da 2015, AS FAN ta soja a 2016 da 2017, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur a 2018 da 2019, USGN ta jandarma a 2021, ASN NIGELEC ta kamfanin lantarki a 2022, sai AS GNN ta rundunar gardi da ta ɗauka a 2014 da 2023 da 2024. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukuma tana da kasafi na shekara, tana da mota, tana da masauki, tana iya biyan ɗan wasa a ƙarshen wata. Yaron da ya yi fice a filin unguwa a Maraɗi, in aka kira shi can, ba wanda zai ga laifinsa in ya tafi.

Ba daidai ba ne a raina abin da waɗannan ƙungiyoyi suka yi. AS FAN ce ta kai Nijar matakin rukuni na kofin Confederation na Afirka a 2010, USGN ta maimaita a kakar 2021 zuwa 2022. Sun riƙe gasar ƙasa a lokutan da ba mai riƙe ta. Amma hukuma ba ta da unguwa. Ba a haifar yaro a ce ɗan duwan ne tun daga kakanni, yadda ake haifar Bagobiri ko Bakatsine. Sai aka wayi gari kuɗi na gefe ɗaya, jama'a na ɗaya gefen. Wannan rabuwa ita ce babban ciwon ƙwallon Nijar.

Ƙungiyar gari kuwa da me take rayuwa? Kuɗin ƙofa ba su taka kara sun karya ba. Tallafin da ke zuwa ta hannun hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, yana rage zafi amma ba ya ɗaukar kaka guda. Ga tafiya: daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, ga Arlit can cikin hamada. Kowace fita akwai mota, da mai, da abinci, da wurin kwana na mutum ashirin da wani abu. A ƙarshe nauyin kan faɗa kan mutum ɗaya ko biyu, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa mai son wasan, wanda ke zaro kuɗi daga aljihunsa. Arzikin Maraɗi kuma a kan iyaka yake. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan Yulin 2023, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta yi tsit, kasuwa ta ji a jikinta. Ƙungiyar da ke shan ruwa daga aljihu ɗaya, ranar da aljihun ya ƙafe ita ma ta ƙafe.

A nan ra'ayin magoya baya ya kasu biyu, kuma duka biyun ina jin su a fada. Wasu na cewa, "Alhaji ya yi ƙoƙari, in ba don shi ba da tuni an rufe. Wanda bai ba da ko dala ba, da wane baki zai yi magana?" Wasu kuma na cewa, "An ce an sayar da yaro waje, ina kuɗin suka shiga? An ce tallafi ya zo, wa ya gani?" Na farko godiya ce da ta hana tambaya. Na biyu zargi ne da ba shi da shaida. Uwarsu ɗaya: ba a karanta lissafi a bainar jama'a. Inda ba a buɗe littafi, shugaba mai gaskiya ma ba ya tsira daga bakin mutane. Ya yi hasarar dukiyarsa, ya kuma yi hasarar sunansa, wata rana ya gaji ya ajiye. Wanda zai gaje shi, da ya ga yadda aka yi da na farko, sai ya noƙe.

Abin da maƙwabta suka gani

Ƙetaren iyaka an gwada hanyoyi biyu, kuma kowace ta nuna iyakarta. A shekarun 1980 attajirai da kamfanoni ne ke riƙe da manyan ƙungiyoyin Najeriya. Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe, amma da masu su suka janye hannu kafin ƙarshen shekarun, sai suka ɓace. Raccah Rovers ta Kano, zakarar 1978, yau sai a bakin dattawa. Daga nan gwamnatocin jihohi suka karɓi ragama. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta gwamnatin Kano ce. Ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta kai wasan kusa da ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Tana cikin ƙungiyoyin da suka fi cika fili a ƙasar. Kirarinta "Sai Masu Gida", amma masu gidan da ke cika filin Sani Abacha ba su ke naɗa shugabanni ba, ba su ke ganin kasafi ba. In gwamnati ta sauya, shugabancin kulob ya sauya. Jinkirin albashi kuwa tsohon kuka ne a ƙungiyoyin jihohi da dama.

A 2022 Pillars da Katsina United duka suka faɗa rukuni na biyu. A kakar ne rikici ya tashi a wasansu na Kano, aka farfasa motar baƙi, aka ci Pillars tara, aka cire mata maki. Wannan ma yana cikin maganar kuɗi, kuma magoya baya ba su cika son a tuna musu ba. Dutsen da aka jefa daga cikin 'yan kallo, daga asusun kulob ake biyan sa. Kamfanin da ke tunanin sa sunansa a riga, in ya ga haka sai ya mai da kuɗinsa aljihu. Wanda ke neman a yi masa bayanin kuɗi, shi ma akwai bayanin da ake bin sa.

Sai ga Remo Stars ta Ikenne, ta Kunle Soname, ta ci gasar a 2025. Ita ma ta mutum ɗaya ce, amma ya gina fili, ya kafa makarantar renon yara, ya sa kulob ɗin ya riƙa samar da abin da zai sayar. Bambancin mai kuɗin da ke ciyar da ƙungiya da wanda ke gina ta ke nan. Na farko in ya tafi ba ya barin komai. Na biyu yana barin fili da yara da tsari.

Ina kuɗin ƙungiyar gari za su fito?

Hanya ta farko yara ne. ASEC Mimosas ta Abijan ta rayu shekaru da renon 'yan wasa da sayar da su, daga makarantarta Kolo da Yaya Touré suka fito. Génération Foot ta Senegal ce ta reni Sadio Mané kafin ya tafi Metz. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 da 23. Tun 2022 akwai ofishi na musamman a Paris da ke bin sawun waɗannan kuɗi. Amma ofishin takarda yake bi. Yaron Jiratawa da ya yi shekara biyar yana wasa ba lasisi, ba rajista, ko ya kai Turai ba abin da zai dawo wa waɗanda suka saya masa takalmin farko. Don haka tambayar da ta fi "wa za mu sayo bana?" amfani ita ce "yaranmu nawa ke da lasisi da sunan kulob?"

Hanya ta biyu mu ne. A yi lissafi mai sauƙi. In mutum 5,000 a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, da 'yan garin da ke ci-rani a Yamai da Kano da Agadas, suka yanki katin mamba na dala ɗari a wata, an tara sefa miliyan biyu da rabi kowane wata, miliyan talatin a shekara. Wannan ba zai kori alhaji ba, kuma ba a son ya kore shi. Zai dai sa ya daina ɗaukar jinka shi kaɗai, ya kuma ba masu katin bakin magana. Simba ta Tanzaniya, wadda ta haɗu da USGN a rukuni ɗaya, irin wannan tsaka-tsaki ta nema: kashi 49 ga attajiri Mohammed Dewji, kashi 51 ga mambobi. A dokar ƙasarmu ma ƙungiyar wasa ƙungiya ce ta mambobi, mai babban taro da ma'aji da sakatare. Tsarin yana nan a takarda. Mutanen da za su cika shi ne ba su zo ba.

Za a ce mutanenmu ba sa ba da kuɗi. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma filin kokowa shaida ne. Tun da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko na gasar kokowar ƙasa a Tawa a 1975, har aka sa wa filin kokowar garin sunansa, ba a taɓa rasa masu kari ba. Dubi yadda ake yi. Mai shela ya ɗaga murya ya ce wane ya ba da jikka kaza ga wane, kowa ya ji, kowa ya gani, mai bayarwa ya samu girmansa, mai karɓa ba ya iya musu. Bamaraɗe yana bayarwa in ya ga inda abinsa ya sauka.

Misali mafi kusa ma a hannun iyayenmu mata yake. A yankin Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun da daga baya ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ƙirga a gaban kowa, a faɗi jimla da ƙarfi, a rufe akwati, mabuɗai kuma ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Da yawansu ba su yi boko ba, amma sun gane abin da mambobin Barcelona suka manta: amana tana daɗewa ne in ana ƙirga ta a fili. Ba sai mun je Jamus aron tsari ba. A tsakar gidajenmu yake.

To, na wa ne?

Mai kuɗi yana da haƙƙi. Wanda ya biya mota da albashi ya cancanci godiya da girmamawa, da kujerar gaba, da a ambaci sunansa. Amma abin da ke hannunsa riƙo ne. Ɗan Kasawa da Jangorzo sunaye ne da suka girmi duk wanda zai shugabance su, kuma za su wuce shi. Mai ƙauna shi ma yana da haƙƙi, sai dai haƙƙinsa yana da farashi: ya yanki kati, ya biya kuɗin ƙofa maimakon ya haura katanga, ya riƙe hannunsa ranar da aka sha kashi, ya zo taro ranar da aka kira.

Abin da ya kamata magoya baya su nema ba shi da yawa. A yi babban taro sau ɗaya a shekara, a rana sananniya. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, a kuma maimaita a rediyon gari. Kuɗin kulob su zauna a asusun kulob, da sa hannun mutum fiye da ɗaya. Abin da shugaba ya bayar a rubuta ko kyauta ne ko rance, tun ranar da ya bayar. Kowane yaro a yi masa lasisi. Shugaba mai gaskiya ba abin da zai rasa a nan, sai ma ya samu kariya daga zargi.

Daren Asabar mai zuwa za a sake cika gidajen kallo, a sake komawa fada, a sake ɗora shayi. Ina fatan a cikin masu gardamar a samu ɗaya da zai ce, "Jama'a, mun gama da Glazer. Yaushe ne taron kulob ɗinmu, kuma nawa ne katin?" Daga ranar da aka fara wannan tambaya a Tsibiri da Maraɗi, kofin da ya bar mu tun 1983 ya fara neman hanyar gida.